LEƘEN KARKARA: Rijiya ce uwar gari

Yau za mu bar birni da hayaniyarsa mu leƙa karkara, domin wata magana da ta shafi ɗan kasuwa mai sayen gona, ta kuma shafi ma'aikacin da ke sa hannu a kan takardar gina rijiya ko yanka filaye.

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi, ya bi ta Caduwa da Agye har ya sauka Gazawa, ya san cewa zaman ƙauyukan wannan yanki iri-iri ne. A wani wuri zai tarar da su jere a bakin kwari kamar duwatsun wuya a zare, yana fita wannan yana shiga wancan. A wani wurin zai gan su warwatse bisa tudun rairayi, kowane da rijiyarsa da itatuwan gawo kewaye da shi. Can kuma sai ya iske fili mai faɗi wanda har kwanan baya babu mai kwana cikinsa sai makiyayi da dabbobinsa. Wannan tsari yana da dalili, kuma wanda bai san dalilin ba yana iya zuba dukiyarsa, ko dukiyar ƙasa, inda ba za ta haifar da kome ba sai hasara da rigima.

Mutanen da maganar ta shafa suna da yawa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta sami mutum 245,996 a gundumar Agye, da 160,536 a gundumar Gazawa wadda aka cire daga Agye a 2011, da 523,717 a gundumar Gidan Rumji. In an haɗa, sun haura mutum 930,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutum 3,402,094 da aka ƙidaya a jahar Maraɗi baki ɗaya. Galibinsu kuwa manoma ne da makiyaya mazauna ƙauye.

Ƙasa iri uku, ruwa iri biyu

Manomin wannan yanki ya raba ƙasarsa gida uku tun kafin wani masani ya zo da awo. Akwai jigawa, wato rairayi mai laushi wanda hauya ke shiga ba wuya, mai shanye ruwan sama ya ɓoye laima a ƙarƙashi. Nan ne gidan hatsi da wake da gyaɗa da aya, sai dai yana saurin gajiya in ba a ba shi taki ko hutu ba. Akwai geza, ƙasa mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta, in ta bushe kuwa sai ta gagari hannu. Akwai kuma fadama, baƙar laka ta cikin kwari, mai ba da dawa da taba da rogo da kayan lambu har cikin rani.

Ruwa kuma iri biyu ne. Na sama yana zuwa cikin wata uku zuwa huɗu, tsakanin milimita 400 da 600 a shekara, kudu ta fi arewa samu. Da shi ake noma. Amma sauran wata takwas na shekara, mutum da jakinsa da akuyarsa ba su da abin sha sai na ƙasa. Saboda haka ruwan sama shi ke ba da gona, ruwan ƙasa kuwa shi ke ba da gari. A cikin kwari, mai haƙa yana cim ma ruwa bayan ƴan gaba kaɗan. A bisa tudu kuwa sai ya nutsa gaba 20 ko 30, wani wurin ma fiye, kuma kafin zuwan siminti irin wannan rijiya aiki ce ta gwanaye, domin rairayi yana rufta wa mutum.

Manyan kwaruruka biyu ne suka kama wannan ƙasa kamar hannu biyu. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ta wajen Sululu ya faɗa cikin Gulbin Rima. Gulbin Kaba kuwa yana shigowa ta kudu maso gabas, wajen ƙasar Gazawa, ya haura arewa zuwa Mayahi, ya karkato yamma, kana ya sauko ta gundumar Gidan Rumji. Shi wannan na biyu ya daɗe da daina gudu a mafi yawan tsawonsa, amma ruwa na nan kwance ƙarƙashin rairayinsa, abin da ya sa goruba ta cika shi har ya sami sunansa daga kabarta.

In mai karatu ya lura, tsofaffin garuruwa a leɓen kwari suke zama, daidai inda jigawa ta sadu da fadama. Ba su shiga cikin kwarin ba don tsoron ambaliya da sauro, kuma don kada a ɓata ƙasa mai kyau da gini. Ba su kuma yi nisa da shi ba don kada mata su wuni a hanyar ruwa. Bugu da ƙari, mai gona biyu ya yi wa kansa ajiya: shekarar da ruwa ya yi ƙaranci fadama ta cece shi, shekarar da ruwa ya yi yawa har fadama ta nutse, jigawa ta cika masa rumbu. Wanda ya manta da wannan ƙa'ida, gulbi yakan tuna masa. Tsohon birnin Maraɗi a cikin kwari yake, sai da ambaliyar 1945 ta rushe shi kafin aka hau da garin bisa tudun da yake a yanzu.

Yaƙi ya tara, zaman lafiya ya watsa

Ruwa da ƙasa su ne suka nuna inda gari zai iya zama, amma tsoro ne ya daɗe yana faɗin inda zai zauna. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarautar Katsinawa ta yi ta ƙaura har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, a cikin wannan kwari dai na Gulbin Maraɗi, inda duhuwar itatuwa da laka ke hana dawakin abokan gaba sakewa. A tsawon wancan ƙarni, zama a ƙaramin ƙauye cikin fili tamkar miƙa wuya ne ga mahara. Jama'a suka cunkushe a garuruwa masu kafi da ganuwa, suna noma iyakar inda za su iya rugowa gida in an buga kuge.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa ya sauka Gazawa a watan Janairu na 1851. Ya tarar da gari mai kafi da gwalalo a tsakiyar kurmi, kuma daga nan zuwa Katsina ayarinsu ya ratsa dajin da ba kowa, inda suka wuce kufan Ɗankama. Ƙasar da yau ake rigima a kan taƙi biyar nata, a wancan zamani ta giwa ce da ƴan fashi.

Da mulkin Faransa ya kafu a farkon ƙarni na 20, bayan ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a 1899, hare-hare suka kwanta, sai garuruwan kwari suka fara amayar da mutanensu zuwa tudu. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mahalbi, wanda ya san daji da iskokinsa, shi ke fara nuna wuri, galibi kusa da wani tabki. Magidanci ya zo da ƴaƴansa ya yi sassabe, ya kafa bukkar damina, in an yi girbi ya koma tsohon gari. In shekara ta yi kyau biyu ko uku, sai a kira masu haƙa. Ranar da guga ya fito da ruwa, ranar ce aka haifi gari, domin daga nan ne mata da yara za su iya tarewa. Shi ya sa taswirar yankin ta cika da sunaye irin su Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane da Rijiyar wane. Wanda ya gina rijiya shi ne mai gari, zuriyarsa kuma ita ke ba baƙo gona. Har gobe, in ka bi diddigin shari'ar fili a gaban sarki, sau da yawa za ka tarar ta ƙare a kan tambaya guda: kakan wa ya haƙa rijiyar farko?

Haraji da gyaɗa suka ƙara wa abin sauri. Mai neman kuɗin haraji dole ya noma abin sayarwa, gyaɗa kuwa jigawa take so. Daga shekarun 1930 har zuwa farin 1973, sassabe bai tsaya ba, kuma da yawa daga Alhazan Maraɗi a kan cinikin wannan gyaɗa suka fara kafa jarinsu. Masanin nan Claude Raynaut, wanda ya yi shekaru yana bincike a jahar tare da abokan aikinsa na jami'ar Bordeaux, ya nuna cewa tun a shekarun 1970 gonaki sun cinye mafi yawan jigawar kudu, hutun gona kuma ya fara zama labari.

Wuraren da aka bari

To, a nan ne maganarmu ta yau take. Bayan duk wannan yaɗuwa, akwai wuraren da kakanni suka tsallake: geza mai tauri, tsakiyar kwari inda ruwa ke bi, bakin tabkuna, da burtalin da dabbobi ke ratsawa daga kudu zuwa arewa da damina su komo da kaka. Kowane ɗayansu yana da aikin da yake yi wa garuruwan da ke kewaye da shi. Geza ita ce makiyayar shanun gari da na baƙi, ita ce kuma rumbun itacen wuta da na magani. Gulbin Kaba hanya ce ta garkuna, kabarsa kuma ita ce jarin dubban mata masu saƙar tabarma da tufkar igiya. Tsakiyar Gulbin Maraɗi kuwa hanyar ruwa ce, ko ya yi shekara goma bai cika ta ba. Ko dazuzzukan da hukuma ta keɓe a ƙasar Agye a shekarun 1950, wato Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado da Bakabe, abin da ya rage ne na dajin da noma bai kai gare shi ba tukuna.

Kayan zamani suka zo suka cire shingen da ƙasa ta kafa. Garmar shanu ta fasa gezar da ta gagari hauya. Rijiyar siminti, wadda ma'aikatar OFEDES ta yaɗa tun kafa ta a 1963, da kuma rijiyar burtsatse daga baya, suka sa gari yana iya zama inda dā ba ya yiwuwa. Babu mai musun alherin da ke cikin wannan, duk wadda ta taɓa jan wasaki daga gaba 30 ta san darajar famfo. Amma kowace sabuwar rijiya a tsakiyar makiyaya tana kiran bukka, bukka ta kira gona, gona ta toshe burtali. Makiyayin da ya haura arewa a watan shuka sai ya komo ya tarar da hatsi a hanyar da ubansa ya bi.

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi, kuma bai kamata a manta ba. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, rigimar ɓarnar gona ta rikiɗe ta zama kisan gilla, aka hallaka fiye da mutum 100 daga cikin Fulani makiyaya, galibinsu mata da yara. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga watan Maris na 1993, da kwamitocin kula da filaye da ta haifar tun daga gunduma har ƙauye, da dokar kiwo ta 2010 wadda ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne, duk an yi su ne don kada a sake ganin irin wannan rana. Sai dai doka a takarda take. Turakun da aka kafa a bakin burtali kuwa, in ba mai duba su, manomi yana iya matsar da su cikin dare ɗaya.

Ƙarƙashin ƙasa ma yana da nasa hukunci. A Tsibiri, rijiyar burtsatsen da aka fara sha a 1985 ta faɗa cikin ruwa mai yawan sinadarin fuluwo. An yi shekara goma sha wani abu ana shan sa kafin a rufe, dubban yara kuma suka tashi da haƙora masu tsatsa, wasunsu da ƙasusuwa a tanƙware har abada. Garin da ya zauna a bakin gulbi don ruwa, ruwan da aka jawo masa daga can ƙasa ne ya cuce shi, domin ba a auna ba, ko an auna ba a kula ba. Shi kansa gulbin ya sake hali tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980. Malalar da ke shimfiɗa sabuwar laka a fadama kowace shekara ta ragu, wannan kuwa ya ruɗi wasu har suka ɗauka kwarin ya mutu, suka sauka da gini cikinsa. Ambaliyar 2024, wadda ta fi yi wa jahar Maraɗi ɓarna a duk faɗin ƙasa, ta tuna wa kowa cewa ruwa ba ya manta hanyarsa.

Abin da ke hannunmu

Kada mai karatu ya ɗauka labarin duk na baƙin ciki ne. Manoman wannan yanki sun nuna wa duniya cewa in fili ya ƙare a faɗi, ana iya neman sa a cikin gonar da ake da ita. Bayan yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi suka raɗa wa suna El Buhari, da taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi cikin watan Mayu na wannan shekara, sai dabarar da ake kira sassaben zamani ta bazu. Maimakon a ƙone kututture, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku a gyara su su zama itace. Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM yana cikin waɗanda suka fara yaɗa ta, ayyukan raya karkara na asusun FIDA suka ɗauke ta a ƙasar Agye, ƙauyen Ɗan Saga kuma ya yi suna da kwamitinsa na tsaron itatuwa wanda har mata da makiyaya suke ciki. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na dā da na baya sun ƙiyasta a 2009 cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5. Gawo ya komo jigawa, ya ba ta takin da hutu ke ba ta a dā.

Amma itace ba ya ƙara faɗin gona. Gandu yana tsagewa a kowane rabon gado, gamanar da ake ba mace da saurayi tana ƙanƙancewa, a wasu ƙauyukan ma ta ɓace. A gefe guda kuma tsohon tsoro ya komo bakin iyaka. Tun daga 2019, dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako suna gudun ƴan bindiga, har hukuma da Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsugunar da wasunsu nesa da iyaka, a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Shadakori. Ƙananan ƙauyukanmu na bakin iyaka su ma sun ɗanɗana satar shanu da ta mutane. Abin da ya tara kakanni a bayan kafi shi ne ke sake tara jikoki, alhali kuwa yanzu babu dajin da za a watsu cikinsa in ƙura ta lafa.

Don haka muna kira ga ma'aikatanmu na gidan ruwa da na gidan gona da na gandun daji, da magadan gari masu yanka filaye: kafin a kafa turken rijiya ko a ja layin sabuwar unguwa, a tambayi tsofaffin gari abin da ya hana iyayensu zama a wurin. A tambayi ardo ta ina garkensa ke bi. A auna ruwa kafin a buɗe famfo, a kuma riƙa sake auna shi bayan an buɗe. Rijiyar da aka sa a gurbinta tana kashe ƙishirwa; wadda aka sa don faranta wa wani mai faɗa a ji tana iya kunna wutar da sai jikoki za su kashe.

Ga ƴan kasuwarmu kuma, musamman masu sayen gonaki a wajen Caduwa da Agye da Gazawa don noman aya da riɗi: arha a fili ba ta zuwa haka kawai. In an yi maka tayin hekta goma a dunƙule a ƙasar da magidanci ke fama da biyu, ka bincika ko makiyaya ce, ko burtali, ko hanyar ruwa, ko kuma gadon da ba a raba ba. Ka je wurin kwamitin filaye na ƙauye da na gunduma ka karɓi takarda a gaban shaidu, ka kuma tuna cewa wanda ya sayar maka da gonarsa ta ƙarshe saboda yunwar bazara, gobe shi ne zai tsaya a ƙofar shagonka a birni. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Kakanninmu ba su da taswira, amma sun karanta ƙasarsu da ƙafa da igiyar guga, suka zauna inda ta yarda, suka bar inda ta hana. Mu da muke da taswira da injin haƙa, ya kamata a ce mun fi su iya karatun.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.